Jirgin Bahago

Ƙungiyar masu gini da tubalan roba ta garin Whyalla tana da doka biyu a gasarta ta shekara, kuma tsofaffin da ke cikinta ba sa wasa da su. Ta farko, kowa zai wargaza babban jirgin sararin samaniyar da ke kwalinsa, ya mayar da shi jirgin yaƙi, ba ƙarin ko tubali ɗaya daga waje. Ta biyu, mai jirgi zai ɗaga abinsa da hannu ya zaga zaure yana yi masa ƙugi da baki. In wani abu ya faɗo, mutum ya fita daga gasa.

Ta biyun ce ta hana Wal Kostoglou sakat. Tsohon makaniki ne, bahago, kuma hannun hagun ne shanyewar ɓarin jiki ta taɓa bara. Tun daga nan ya daina zuwa ƙungiya, don kunya yake ji a ga hannunsa yana rawa.

Matarsa Glenys ce ta dire masa kwalin a teburin kicin. "Ko ka gina, ko in ba jikokin maƙwabta. Na gaji da ganin fuskar nan taka."

Ya gina, ya ɗaga, jirgi ya kuɓuce ya tarwatse. Wal ya zagi jirgi, ya zagi hannu, ya haɗa da kyanwar da ba ta san hawa ba. Da ya huce sai ya duba inda ya karye, ya giciye tubalan wurin kamar magini. Haka aka yi ta yi. Duk faɗuwa sai ya cire wani abin ado ya cusa shi ciki ya zama ƙashi, har jirgin ya koma gajere, ƙaƙƙarfa, mummuna na gaske.

Ranar gasa Bev Dunstan, wadda ta ci gasar bara, ta leƙo teburinsa da tsiran alade cikin burodi a hannunta.

"Wal, wannan jirgi ne ko dutsen guga?"

"Dutsen guga ne, Bev. Kawo rigarki."

Nata jirgin kyakkyawa ne, dogayen fikafikai siri-siri. Ta ɗaga shi ta fara zagaye, tana juya kwana fiffike ɗaya ya faɗa cikin shayin wani. Aka yi dariya, ita ma ta yi.

Da layi ya zo kan Wal, alƙalin gasa Merv ya rage murya. "Mutumina, bari Glenys ta ɗaga maka. Ba wanda zai ce uffan."

Wannan tausayin ya fi ciwon zafi. Wal ya miƙa hagu ya ɗaga jirgin. Hannu na rawa, jirgi na rawa. Ya fara tafiya yana ƙugi ƙasa-ƙasa. A kwana hannun ya fizge, jirgin ya gwabza wa tukunyar shayi karo har murfinta ya yi tsalle.

Kowa ya dubi ƙasa. Babu ko tubali ɗaya.

Bev ce ta fara taya shi ƙugin, sai sauran tsofaffi suka ɗauka, masu furfura da masu sanƙo, har zauren ya cika. Daɗi ya kama Wal, irin wanda ya manta akwai shi.

"To ajiye mana, ai ka ci," in ji Merv.

Wal ya ɗaga hannun sama da kansa. "Matsa, Merv. Ban gama ba."