Waya Tsakanin Akwati Biyu

An sake wa siton takarda fenti, amma warin ƙauri bai tafi ba. Manaja ta daina ambatonsa. Ma'aikatan madaba'ar ma sun daina, sai dai duk wanda aka aika ɗauko takarda yakan tokare ƙofar da bulo kafin ya shiga.

A wannan siton mahaifinta ya rasu. Ya bi bayan wani ma'aikaci ya shiga, ma'aikacin ya fita da kaya, ƙofar ƙarfen ta rufe. Ƙofa ce da ba ta buɗuwa sai da kati, ciki da waje, shi kuwa nasa katin yana kan tebur a ofis. Wayar lantarki ta yi tartsatsi a bayan tarin takardu. Ƙararrawar gobara ta yi ihu, kowa ya fice titi, ba wanda ya san da mutum a ciki.

Yanzu dole a sake tsarin tsaro, kuma ita ce mai yanke hukunci. Ta kira wani injiniya, ta kuma kira Baffa, ƙanin marigayin, wanda tare suka kafa wurin. Suka zauna a ofis, injin bugu yana ta ƙugi a bayan bango.

Injiniya ya ce hanya biyu ce. Ko a bar komai a rarrabe yadda yake, kyamara daban, ƙofofi daban, ƙararrawa daban, ko a haɗe su a kan kwamfuta ɗaya.

"In aka haɗe su, Hajiya, za su riƙa magana da juna. Ƙararrawa na jin hayaƙi za ta gaya wa ƙofa ta saki."

"Magana," in ji Baffa. "Ni ƙofa na sani, ba 'yar hira ba. Ran da kwamfutar taka ta tashi da ciwon kai fa?"

"Duka za su kwanta tare, Alhaji. Ba zan ɓoye maka ba."

"To ɓarawo kuma? Ya kunna guntun takarda, ya tura hayaƙi ta taga, ƙofofinmu su yi masa sannu da zuwa?"

"Yana iya faruwa."

Baffa ya juyo gare ta. "Kin ji da kunnenki, Uwata. Takardun jarrabawar makarantu muke bugawa a nan. Kwafi ɗaya ya fita, mun rufe."

Gaskiya ya faɗa, ta kuma sani. Rabin aikin shekara a kan amanar nan yake. Amma ta tagar ofis tana hango bulon nan a bakin sito. Tun bayan gobarar ƙofar ba ta rufu ba, ba kuma za ta rufu ba muddin mutane suna tsoronta.

"Injiniya, babu hanya ta uku?" ta ce. "A bar kyamara da nata, ƙofa da nata, amma ƙararrawa ta iya buɗe ƙofa?"

"Akwai. Mu je in duba tsohon tsarin."

Suka bi shi zuwa lungun bayan injin yanka. Akwatuna biyu ne a jikin bango, ja na ƙararrawa, toka-toka na ƙofofi, tsakaninsu bai kai taƙi ɗaya ba. Ya kwance murafan, ya haska da fitilar wayarsa, ya leƙa cikinsu.

"Ga gurbin nan," ya ce a hankali. "Ɗaya a nan, ɗaya a can. An yi su ne don a haɗa. Waya ce kawai ba a ja ba."

"Me ya hana?"

"Kamfani biyu ne suka saka. Ba mai taɓa akwatin wani sai wanda ya kira shi ya ce a taɓa. Wa ya kira su?"

Manaja ta dubi akwatunan biyu. Ta tuna shekarar. Mahaifinta ne ya kawo masu ƙararrawa, Baffa ya kawo masu ƙofa, a lokacin da saɓani kan sayen sabon inji ya sa 'yan'uwan biyu suka daina gaisawa, ita ce ke kai saƙon wannan teburin zuwa wancan. Daga baya sun shirya. Ba wanda ya koma kan akwatunan.

Ta dubi Baffa. Idonsa na kan gurbin da ba waya.

"Ja wayar," ta ce.

Aikin bai ɗauki lokaci ba. Injiniya ya ɗauko gwangwanin hayaƙin gwaji, ya ce yana so wani ya shiga ba kati, a rufe, a gani. Manaja ta ajiye katinta a kan injin yanka.

"Tsaya," in ji Baffa. "Ƙofata ce."

Ya ciro nasa katin daga aljihu ya miƙa mata, ya ture bulon da ƙafa, ya shiga. Ƙofar ta rufe da ƙarar da ta saba. An kashe injin bugu, ma'aikata suka taru a nesa. Injiniya ya fesa hayaƙin a na'urar jin hayaƙi da ke rufin baranda.

Ƙararrawa ta tsage. A cikin ihunta aka ji wani ɗan ƙas, ƙofar ta saki, ta buɗe kaɗan da kanta.

Baffa bai fito ba. Ta tsagar ƙofa ta hango bayansa, yana tsaye yana fuskantar bangon da aka yi wa sabon fenti. Mai injin yanka ya yunƙura zai shiga, ta ɗaga masa hannu. Suka jira har Injiniya ya kashe ƙararrawar.

Da ya fito, ya karɓi katinsa bai kalle ta ba.

"Tagar nan ta baya," ya ce, "a sa mata raga. Kada ɓarawo ya cusa takarda mai hayaƙi."

"Za a sa, Baffa."

Ya sunkuya ya ɗauki bulon, ya fita da shi waje.