Jiƙaƙƙen Tsumman Anselmo

Shekara talatin Eusebio yana zuwa gasar harbin ragunan ƙarfe a bayan garinsu a Sonora, bai taɓa ɗaukar kofin ba. Bana kuwa likita ya gaya masa gaskiya, idon damansa ba zai kai baɗi ba. To, in ba yau ba, shi ke nan.

Bindigarsa tsohuwa ce mai siririn bututu. Harbi biyar lafiya lau, amma da ƙarfen ya ɗau zafi sai harsashi ya riƙa haurawa sama, ya tsallake bayan rago. Mutum ɗaya ya san wannan a duniya, amininsa Anselmo, wanda ya tsaya wa 'yar Eusebio a coci ranar baftisma. Shi ke riƙe madubin hangen nesa, shi ke naɗe bututun da jiƙaƙƙen tsumma duk lokacin hutu.

Da rana ta take, Eusebio ya yi kunnen doki da wani Rogelio, wanda bai fi wata uku da auren 'yar Anselmo ba. Alƙalin gasa ya ce a huta kafin a raba gardama. Sai ga Anselmo ya miƙe yana dariya, wai nama na ƙonewa a kan garwashi, mata sun gaji da jira, a gama kawai. Jama'a kuwa suka goyi bayansa, mayunwatan banza, aka fasa hutun.

Eusebio ya taɓa bututun, ya janye hannu da sauri.

"Amini, ina tsumman?"

"Ya bushe tun ɗazu, wallahi. Harba kawai, tsoho, ai hannunka ne."

Eusebio ya sassauto da saiti, ya harba. Ƙura ta tashi can bayan ragon. Na biyu ma haka. Rogelio, da bindigarsa mai kaurin bututu, ya kayar da nasa, ƙarar ƙarfen ta iso har rumfa.

Rashin kofin ya yi wa Eusebio ciwo, amma ya daure, har ya fara ba wa amininsa uzuri a ransa. Ya zauna gumi na zuba. Anselmo ya dafa kafaɗarsa, ya zaro abu daga cikin akwatin ƙanƙara ba tare da tunani ba.

"Ungo, goge fuskarka."

Tsumman ne, sharkaf, ruwan sanyi na ɗiga a kan takalmin Eusebio.