Hodar Najiba

A kumatu ƙurajen suka fara fito wa Ketura, ƙanana masu zafi, kamar an shafa mata barkono. Aikinta a ofishin wata ƙungiyar agaji da ke unguwar Bolori shi ne zama gaban kwamfuta tun safe har la'asar tana shigar da sunayen 'yan gudun hijira. Tagogi a rufe ruf saboda tsaro, esi na busa mata sanyi a ka, hasken gilashin kwamfutar na dukan fuskarta. Kafin wata ya zagayo ƙurajen sun haura goshi.

Kowa a ofishin ya san uwarta na wurinta. Mama Salomi da ƙafa ta tsero lokacin da aka ƙone ƙauyensu, ta yi watanni a sansani kafin Ketura ta gano ta, ta kawo ta ɗakinta na haya a unguwar Bulabulin. Ita kaɗai ta rage mata a duniya.

Najiba, wadda teburinta ke kusa da na Ketura, ita ta fara. Mace ce 'yar kwalliya, kullum fuska dam da hoda, ƙamshin humra na riga ta shiga ɗaki.

"Sista Ketura, ba don in ɓata miki rai ba," in ji ta, da murya yadda har mai gadi zai ji, "ƙazuwar sansani ba abin wasa ba ce. Tabarma ɗaya kuke kwana da Mama?"

Shi ke nan, magana ta samu ƙafa. Aka ware mata kofi. Aka daina karɓar takarda daga hannunta, sai dai ta ajiye a ɗauka. Mutanen da ke cin abinci da sunan 'yan gudun hijira, wai su ne masu ƙyamar tsohuwa guda! Kai, ɗan Adam!

Oga Dzarma ya kira ta ofishinsa. Ɗan yankinsu ne fa, cocinsu ɗaya, amma ko kujera bai ce ta zauna ba.

"Ketura, baƙi na zuwa nan, Turawa na zuwa. Ki je gida mako biyu ki yi magani. Tsohuwar kuma ta koma sansani, can akwai likitoci. In ba za ki iya ba, kin dai ga masu neman aiki a bakin get."

Ketura ta so ɓoyewa, amma kuka ya tona ta. Mama Salomi ta saurara har ƙarshe, ta tashi ta fara naɗe zannuwanta.

"In ni ce cutar, ai maganin bai yi tsada ba," ta ce. "Kira mai keke, 'yata."

Ketura da hannunta ta kai ta. Ta bar ta a wata rumfar leda tare da matan da ba ta sani ba, ta dawo ɗaki ta zauna tana kallon ƙusar da tsohuwar ke rataye gyalenta.

To ga abin takaicin. Mako biyun nan ba kwamfuta, ba esi, fuska ta washe sumul. Ranar da ta koma aiki har tafi aka yi mata. Oga Dzarma ya ce, "Kin gani ko?" Ita kanta Ketura, Allah sarki, ta fara yarda.

Ran Alhamis ƙaiƙayin ya dawo. Da azahar ta ruga banɗaki ta duba madubi, ta tura ƙofar da sakatarta ta lalace, sai ga Najiba a tsaye ta gama wanke fuska za ta yi alwala. Ba hoda. Kumatun nan duk ƙuraje, wasu sun bushe sun yi baƙi, sun fi na Ketura muni nesa ba kusa ba.

Ko gezau Najiba ba ta yi ba.

"Rufe ƙofar mana. Tun kafin a ɗauke ki aiki nake fama. Hashim akawu, kina tsammanin ustazanci ya sa shi tara gemu? Duk wanda ya daɗe gaban kwamfutar nan a ɗakin nan sai ya samu rabonsa."

"Kin sani? Kin sani kika ce Mama ce?"

"Oga ya fara tambayar wa ya kawo cuta ofis. Da wa kike so ya kama, ni? Ke ce kika zo da taki fuskar a buɗe." Ta zaro gwangwanin hoda daga jaka ta miƙa mata. "Ungo, shafa. In ya gan ki haka, cewa zai yi kin dawo da tsohuwar a ɓoye."

Ketura ta shafa. Wallahi ta shafa.

Ran Lahadi daga coci ta wuce sansani, ta ƙudura ko za a kore ta sai ta dawo da uwarta gida. Mama Salomi ta rame, tana tari, amma da ta hango fuskar 'yarta sai ta ɗaga hannu sama.

"Na gode wa Yesu! Kin ga da na bar gidan kin warke."

"Mama, ba ke ba ce. Hoda ce, duba!" Ketura ta sa bakin gyale ta goge kumatunta da ƙarfi har ƙurajen suka fito fili. "Aikin ne yake jawo su. Ɗauko kayanki mu tafi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon fuskar. Sannan ta ja da baya, ta ɓoye hannuwanta cikin zane.

"Ai don kin zo kusa da ni ne. Ga shi sun dawo."

"Mama!"

"Tafi, 'yata, kada su kore ki. Kada ki ƙara zuwa."

Ta sunkuya ta shige rumfar, ta ja ledar ta rufe ƙofa daga ciki.