Gefen Dogo

Mai fenti ya dire bokitinsa a bakin ofis ya ce, "Ranka ya daɗe, allon nan fa ake jira."

Farfesa bai ko waiga ba. Jiya ya yi ritaya, yau aka ce ya kwashe komatsansa, sabon malami na tafe. Littattafai duk 'yarsa Auta ta ɗure su a kwali. Saura allon, maƙil da lissafin da ya shekara talatin ba a taɓa ba.

"Baba, na ɗauki hotonsa har sau uku," in ji Auta. "Wai me ke ciki ne?"

"Ni da Baffanki Dogo ne, Allah ya jiƙansa. A takarda, kowace ƙwayar zarra tana da abokiyar tagwaitaka, nauyinsu ɗaya. A zahiri kuwa babu, daidaiton ya karye da kansa. To in ya karye, sai ya bar wani ƙarfi a sararin da babu komai, wanda zai iya yaga duniya. Ni nake lissafa wannan daga dama. Dogo yana lissafa abin da ƙarfin jan ƙasa ke ragewa daga hagu, mu haɗu a tsakiya. Sifili muke nema."

"Kun samu?"

"Ina! Kullum sai an yi ragowa. Dogo ya yi jifa da alli ya ce, 'Kai dai da ƙari, kamar mai sa gishiri!' Muka ji kunya, muka ƙi bugawa a mujalla. Bayan rasuwarsa masu duban taurari suka auna, ashe ba sifili ba ne, akwai 'yar ragowa."

"Kenan kun yi daidai!"

"Tamu ta fi tasu girma nesa ba kusa ba. Amma da ya ji, wallahi da ya yi ta dariya har da tari."

Farfesa ya karɓi tsumma, ya goge gefen dama tas, rubutunsa na ƙuruciya mai tsayuwa cak. Da ya iso tsakiya sai hannun ya tsaya.

"A ƙarasa mana, ranka ya daɗe," in ji mai fenti.

"Ba ma goge wa juna. Ko kuskure na gani, sai dai in jira ya zo."

Ya miƙa wa Auta tsumman, ya fita ya tsaya a baranda, ya ba ƙofar baya.