Zanin Gadona a Shafin Mai Magani

Likitan fata ya ce cutar 'yar ƙanwata ba kasafai ake ganinta ba, shi kansa a littafi ya fara saninta. Ka ɗan goge yarinyar, sai fata ta sale kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ya rubuta min sunan cutar, ya ce in zan duba a waya, in nemi shafin da ke faɗin su wa suka yi binciken, a kan mutum nawa, da abin da har yanzu ba su sani ba.

Haka na yi ta fama a ɗakin malamai, tsakanin darasi da darasi, har idona ya yi ja. Duk shafin kirki bakinsu ɗaya: ba a samo maganin warkewa ba tukuna, a tsabtace ciwon, a naɗe, kar a shafa komai sai likita ya ce. Ba daɗin ji, amma gaskiya ce.

'Yan uwa kuwa kowa ya zama farfesa a waya, Kawu ne shugabansu. Shi ne tun farko ya ɗauki hoton bayan yarinyar a ɗakina, bai tambayi kowa ba, ya watsa wa duniya wai a taya mu addu'a.

Ranar Asabar na tarar da ƙanwata a falo ta kwance bandejin yarinyar, ga wata kwalbar magani a buɗe tana wari kamar baƙin man mota.

"Ke! Me zan gani haka?"

"Ban shafa ba tukuna, Yaya. Dubi abin da Kawu ya turo." Ta miƙo min waya. "Wata yarinya ce irin tawa sak. Ga ta da ciwon, ga ta bayan ta warke."

Shafin mai maganin ne, ba sunan likita, ba na asibiti, sai lambar waya da wani ƙato cikin farar riga yana washe baki. Na ƙara girman hoton farko. Zanin gado mai shuɗin fure, da tabon dutsen guga a gefe. Ni na ƙona shi. Hannun da ke dafe da kafaɗar yarinyar kuwa, ga zobena na azurfa.

Tir da wannan hali, ciwon jaririya ma abin talla ne!

"Wannan 'yarki ce," na ce. "Gadona ne, hannuna ne. Hoton da Kawu ya ɗauka suka kwasa, suka sayar miki da ciwon 'yarki."

Ta rufe kwalbar, ni kuma na hau mayar da bandejin a hankali.

"To ta hoto na biyun fa, 'yar wa ce?"

"Oho musu. Ƙila ko ƙurji ba ta taɓa yi ba. Kawo in goge wannan ƙazanta."

Ta riƙe wayar gam a ƙirjinta.

"Bari in ƙara kallon na biyun, Yaya. Tunda na haife ta ban taɓa ganin bayanta ba ciwo ba."