Ranar da Nana ta Cika Takwas

Hajjo ba ta gayyaci Kamaluddeen ba. Mijinta Abdulsalami ne ya gayyace shi a ƙofar masallacin unguwarsu ta Kurmin Sarki a Suleja, sannan ya shigo gida yana faɗa mata kamar wanda ya kawo albishir.

"Kamalu ma zai zo da iyalinsa. Kin san Nana ba ta da ƙawa kamar Sadiyarsa."

Albasa take yankawa a lokacin. Ba ta ɗago kai ba. "Allah ya kai mu," ta ce.

Nana, 'yarsu tilo, za ta cika shekara takwas a hutun Disamba. Tun da malamarsu ta nuna musu hoton ruwan Gurara mai zubowa daga kan duwatsu ta hana kowa sakat, ita ba ta son a yanka mata kek a tsakar gida, a bakin ruwan nan take so, ita da ƙawayenta. Hajjo ta amince, don ba ta iya hana Nana abu. Amma ranar haihuwar yarinyar ba rana ce da Hajjo ke son ganin Kamaluddeen a cikinta ba.

Ranar da aka haifi Nana, Abdulsalami yana wurin aiki a Abuja. Da rana tsaka naƙuda ta kama Hajjo, ta zo mata da jini. Morenike mahaifiyar Inioluwa, Bayarabiyar da ke haya a gidansu, ita ta ruga gidan Kamaluddeen, maƙwabcinsu kuma aminin Abdulsalami tun suna yara, wanda ya sayi sabuwar mota a satin. Ya fito, ya dubi Hajjo durƙushe a bakin zaure, zaninta ya jiƙe sharkaf, ya waiwaya ya dubi motarsa.

"Maman Ini, ki tsayar da Keke mana," ya ce wa Morenike. "Jini ba ya fita a irin wannan kujera."

Hajjo ta ji da kunnenta. A Keke mai ƙafa uku aka kai ta asibiti, cikin cunkoson ranar kasuwa, kanta bisa cinyar Morenike. An ceto Nana, amma sai da aka cire wa Hajjo mahaifa, likita kuwa ya ce da an kawo ta da wuri da abin bai kai haka ba. Da ta gaya wa Abdulsalami, sai ya ce Kamalu ya rantse masa babu mai ne a motar, kuma abin da Allah ya ƙaddara ba ya wuce lokacinsa. Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta shiga sana'ar girkin biki, ta koyi tuƙi, ta sayi tsohuwar mota ƙirar Siyana da take ɗaukar kuloli da tukwane. In Kamaluddeen ya gaishe ta, takan amsa, ba ta taɓa ƙara masa ko kalma ba.

Safiyar tafiyar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi. Aka naɗe yara cikin rigunan sanyi da huluna, aka loda dafa-duka da soyayyun kaji da zoɓo a but ɗin motar Hajjo, Morenike ta rungume kwalin kek a cinyarta, 'yarta Inioluwa da Nana suna baya suna rera waƙar makaranta. Abdulsalami ya zauna gaba kusa da matarsa. Kamaluddeen ya iso da jif ɗinsa da matarsa Fiddausi da 'yarsu Sadiya, yana ta danna hon.

"Madam direba, ki bi ni a baya, kada ki ɓata!" ya ce yana dariya.

Suka wuce layin tankokin mai a Dikko, suka tsaya Lambata aka saya wa yara rake da lemo. Da suka sauka daga titin Minna suka kama hanyar da ke shiga daji, tun kafin su ga ruwan suka fara jin ruguginsa. A wannan lokaci na shekara ya ja baya, duwatsu sun fito fili, mutum na iya sauka har gindinsa. Nana ta tsaya baki buɗe, feshin ruwan na taɓa mata fuska, ta ƙanƙame hannun Sadiya. Ganin haka Hajjo ta ji zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta shimfiɗa tabarmi, ta zuba wa kowa abinci, har Kamaluddeen.

Da aka zo yanka kek ne ya miƙe, kofin zoɓo a hannu, ya ce zai yi jawabi.

"Wannan yarinya 'yata ce. A gabana aka yi komai ranar da za a haife ta. Babanta yana Abuja, mu ne muka yi ta kai-komo. Ga shi yau ta girma, masha Allahu."

Morenike ta saki baki, ta dubi Hajjo. Hajjo ta ci gaba da rarraba kek a faranti, kunnuwanta sun yi zafi duk da sanyin wurin. Shekara takwas tana zaton ko ba komai abin na cin sa a ɓoye. Ashe har ya mayar da ranar abin tinƙaho.

Bayan la'asar Kamaluddeen ya ce sai ya ɗauki hoton da ya fi na kowa. Samarin da ke raka baƙi suka ce masa dutsen can akwai santsi, ya ce su bar shi, ba yau ya fara zuwa ba. Ya hau, waya a hannu ɗaya, makullin mota na lilo a yatsan ɗaya hannun. Ƙafarsa ta zame. Ya faɗo a gefen wani dutse mai kaifi, ya tsage masa ƙwauri tun daga gwiwa, waya da makulli suka bi ruwa.

Da ƙyar samarin suka hawo da shi wurin da aka ajiye motoci. Fiddausi ta ɗaure masa ƙafar da mayafinta, nan take ya rine. Jif ɗinsa na nan a kulle, babu wata mota a wurin sai ta Hajjo.

Abdulsalami ya buɗe ƙofar gaba. "Ku sa shi a nan, a kwantar da kujerar."

"Rufe ƙofar nan, Baban Nana," in ji Hajjo.

Kowa ya juyo.

"Me kika ce?"

"Na ce ka rufe. Jini ba ya fita a irin wannan kujera." Ta dubi Kamaluddeen ido cikin ido. "Ko ba haka ba ne, Malam Kamalu? Kai ka koya mini."

"Haba Maman Nana," ya ce yana nishi, "wace irin magana ce wannan?"

"Maman Ini, ki tuna masa, tun da ya manta."

Morenike ta ajiye jakarta. Da Hausarta mai karyayyen harshe ta faɗi komai: zauren, jinin, sabuwar motar, Keken. "Ni na je gidanka. Ba ka ce babu mai ba. Kujera ka ce. Allah yana ji na."

Fiddausi ta saki hannun mijinta. "Baban Sadiya, da gaske ne?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa.

"Hajjo, mutum na zubar da jini," Abdulsalami ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ki ji tsoron Allah."

"Don ina tsoronsa ne zan kai shi. Ni ba zan ce ya nemi Keke ba." Ta zagaya ta ɗaga ƙofar but, ta ture kuloli gefe, ta shimfiɗa buhun da take ɗora tukwane a kai. "Ga wurinsa."

Samarin suka ɗaga shi suka cusa shi tsakanin tukunyar dafa-duka da jarkar zoɓo, gwiwoyinsa a naɗe, hularsa ta faɗi ƙasa, wani ya tsince ta ya jefa masa. Hajjo da kanta ta rufe ƙofar. Sauran suka matsu a kujeru, ta tayar da mota.

Hanyar fita duk ramuka ce, kuma ba ta kauce wa ko ɗaya ba. Duk ramin da ta faɗa sai murafen tukwane su yi ƙara, a ji nishinsa daga baya, ita kuwa ta ji wani abu da ya daɗe tokare mata ƙirji yana sauka. Sadiya ta fara kuka. Hajjo ta gan ta a madubi, ta kau da ido.

"Umma," in ji Nana, "ki tafi a hankali. Sadiya tana tsoro."

Sai a nan ta ɗan ɗaga ƙafa daga totur.

A wani asibiti a Gawu Babangida aka ɗinke shi. Ma'aikatan da suka buɗe but suka tarar da babban mutum cikin shadda a tsakanin tukwane, maiƙo ya ɓata masa hannun riga, ɗayansu ya kasa riƙe dariya. Hajjo ba ta shiga ba. Ta zauna a mota ta ba yara sauran kajin, ita ma ta ci cinya biyu.

Da suka koma Suleja Abdulsalami ya ce ta kunyata shi a gaban amininsa.

"Ka yarda da rantsuwarsa, ka bar maganata," ta ce. "Yau ka ji daga bakin wadda ba matarka ba."

Ya juya ya fita. Bai je duba Kamaluddeen ba sai da aka kwana biyu, kuma bai jima a can ba.

Labari ya zaga Kurmin Sarki. Wasu mata suka ce Hajjo ta yi daidai, wasu suka ce abin ya yi yawa, a gaban yara. Fiddausi ta zo da yamma ita kaɗai, ta zauna a bakin tabarma, ta ce wallahi ba ta taɓa sani ba. Hajjo ta ce ta yarda, ta kawo mata ruwa. Amma Kamaluddeen ya hana Sadiya shiga gidan, sai a makaranta take haɗuwa da Nana, Nana kuwa ta yi sati ba ta yi wa uwarta hira. Wannan ya yi wa Hajjo ciwo, sai dai ko da Morenike ta tambaye ta ko ta yi da-na-sani, cewa ta yi a'a. Shi kuwa Kamaluddeen da ya fara fita da sanda, ta bayan layi yake zagayawa zuwa masallaci, don kada ya bi ta ƙofar gidansu.