Taurari Sun Ragu

…to ai ga shi nan, har waɗanda suka je can ɗin ba su gan su ba. Talabijin ɗin ɗakin jiran likitan ido na nuna wani cikin farar riga kumbura-kumbura, yana lilo a sararin samaniya, bayansa baƙi ƙirin. Ko tauraro ɗaya babu. Direba yana gyara zama a benci, ransa fes. Shi dama ya faɗa. Tun bara yake faɗa, taurari sun ragu — hayaƙin motoci ne, fitilun gari ne, oho.

Makullin motar makaranta na aljihunsa, sai murza shi yake. Shugabar makaranta ta ce ko likita ya ce idonsa lafiya, ko ya ajiye makulli. A kan me? Ƙofar makaranta da ya goga. Ƙofa fa! Ƙarfe! Shi da ya yi furfura a kan sitiyari, ko kaza bai taɓa takawa ba… to, kaza ɗaya. Ita ma ita ta kawo kanta.

Tabarma a tsakar gida, an gama cin abinci, ya ɗaga kai. "Maman yara, kin lura taurari sun ragu?" Ta tsaya da fifita. Ta dubi sama, ta dube shi. "Haka ne, Malam." Tun daga ranar takalminsa wuri ɗaya, butarsa wuri ɗaya, kujerar tsugunno ma ta kwashe ta daga hanya. Da can wa ya isa ya sa ta kwashe kujerar nan?

Mai bayani a talabijin na cewa taurarin suna nan. 'Yan sama jannati na ganinsu sarai idan sun shiga inuwar duniya. Na'urar ɗaukar hoto ce ba ta kama su — hasken rana a jikin jirgi ya yi mata yawa, ƙananan haske sai su ɓace mata.

Wannan ai ba sai an gaya masa ba. Mota ta taho ta dallare ka da fitila, gefen titi ya ɓace — mai keke, akuya, mai talla… suna nan, kai ne ba ka gani. Amma a tsakar gidansa wace fitila ta dallare shi? Ranar ma babu wuta.

'Ya'yan mutane cike da mota, suna waƙa. 'Yar ƙaramar nan mai jar jaka, kullum sai ta tsallaka ta gaban mota, kanta ko fitila bai kai ba. Ranar da ya goga ƙofa… ina take tsaye? Ina? Bai sani ba. Wallahi bai sani ba, kuma tsoro yake ji.

"Baba direba, bismillah, kai ake jira."

Muryar nas ce, daga hagu. Ƙofa biyu ce can, ko ɗaya? Yana miƙewa. Makullin na tafin hannunsa — yaushe ya fito da shi?

Ta dubi sama, ta dube shi. Sama cike maƙil da taurari a daren nan, maman yara ta ce masa haka ne…